Faɗaɗa Injin Tsohon Babur da Ɗora Masa Turbo: Yadda Nake Yi a Magazin

Da wuya wata ya wuce ba wani saurayi daga Aboabo ko Asawase ya turo babur shagona a Suame Magazin, unguwar makanikai ta Kumasi, ba, waya a hannu, yana nuna mini bidiyon wani a Indonesiya ko Burazil da ya ɗaure wa ƙaramin babur turbo, wato fankar da hayaƙin inji ke juyawa don ta cusa masa ƙarin iska. "Masta, irin wannan nake so." Amsata ɗaya ce kullum. Zai yiwu, na yi da hannuna, amma turbon shi ne abu na ƙarshe da za ka saya. Kafin shi akwai awo, akwai lissafi, akwai baƙin mai da fetur da wuta. Wanda ya tsallake waɗannan, fistinsa ne zai biya.

Tambaya ɗaya nake yi wa kowa kafin in ɗauki sifana: da wannan babur kake cin abinci? In da shi kake kai kaya kasuwar Kejetia, ko kake kai yara makaranta, to mu tsaya a faɗaɗa inji, shi ma daidai gwargwado. Turbo na babur na biyu ne, wanda in ya kwana wata guda a shago ba a kwana da yunwa a gidanka.

Wane inji muke magana a kai

Yawancin tsofaffin baburan da ke yawo a zangunan Kumasi jikokin Honda CG125 ne, injin da ya fito a 1975, kamfanonin Sin suka yi ta kwafarsa har yau. Ba shi da sarƙar tayimin, sanduna biyu ne ke tura bawul, shi ya sa yake jure wahala da rashin kulawa. Duba gefen hagu na injin a ƙasa, za ka ga lamba a buge. 156FMI ko 157FMI na nufin 125 ne, 162FMJ na nufin 150, 163FML kuma 200. Lambobi biyu da ke bin 1 na farko faɗin silinda suke nunawa a milimita. Injin Boxer daban yake, mai sarƙar tayimin ne, don haka lambobin da zan kawo ba nasa ba ne, ko da yake hanyar aikin ɗaya ce.

Fara da ƙasan inji

Kada ka sayi komai tukuna. Sauke injin, wanke shi da kananzir, cire kai da silinda. Kama konrod, sandar da ke haɗa fistin da karanshaf, da yatsu biyu ka ja sama ka tura ƙasa. In ka ji motsi ko kaɗan, ko ɗan ƙara "kas-kas", wannan karanshaf ɗin ba zai ɗauki ƙarin ƙarfi ba, a sake masa konrod da boris ko a sake shi gaba ɗaya. Motsin gefe kaɗan ba laifi ba ne, haka aka ƙera shi. Juya boris ɗin karanshaf da hannu, ka saurara. Mai lafiya shiru yake juyawa, ba gurnani.

Akwai wurin da fitoci da yawa ba sa buɗewa. Injin CG ba shi da filtar mai ta takarda. Abin da yake da shi ɗan raga ne a ƙarƙashin murfin da ake zubar da mai, sai wani ƙoƙo mai juyawa a bakin karanshaf ta gefen kuloci, wanda ke wurga datti jikin bangonsa. Na sha buɗe wannan ƙoƙon in same shi cike da baƙin laka mai tauri, sai da sukudireba ake kankare shi. Wanke shi tas, ka duba famfon mai, ka hura iska ta hanyoyin mai har ka tabbata a buɗe suke.

Birki da taya da boris ɗin sitiya su ma yanzu ake duba su. Babur mai birkin ganga a gaba, ni ba na ɗora masa turbo sai an mayar da shi na faifai.

Lissafin da ke hana asarar kuɗi

Girman inji daga abu biyu yake fitowa: faɗin silinda da nisan tafiyar fistin daga sama zuwa ƙasa. Ka ninka faɗin da kansa, ka ninka da 0.7854, ka ninka da tafiyar, ka raba da 1,000. A CG125 faɗin milimita 56.5 ne, tafiyar 49.5, sai ka samu 124cc.

Ga inda mutane ke ruɗuwa. Fistin ɗin da ake kira obasayis yana zuwa da ƙarin 0.25, 0.50, 0.75 da 1.00 na milimita. Wani zai ce maka ya yi borin ya sa na ƙarshe, injinsa ya zama babba. Yi lissafin da 57.5, abin da za ka samu bai kai 129cc ba. Ƙarin cc huɗu da rabi ke nan. Wannan borin na gyara ne, don mayar da silindar da ta cinye ta koma daidai. Ba ƙarin girma ba ne.

Ƙarin girma na gaske shi ne ka koma fistin mai faɗin 62, na CG150. Da tafiya ɗaya ta 49.5 za ka samu 149cc, wato ƙarin kashi 20 cikin ɗari, ba ka taɓa karanshaf ba. Sai dai silif ɗin 125, wato bututun ƙarfen da ke cikin silinda, ba shi da kaurin da za a ci har 62. Dole ka sayi silindar 150 sukutum, ko a cire tsohon silif a danna sabo mai kauri. Ni na fi son sabuwar silinda. Bangon silif ɗin da ya kasa milimita 2 bayan borin, ba na yarda da shi a injin da zai ga turbo.

Abu biyu za ka auna kafin ka biya kuɗi a layin masu kayan babur. Na farko, fil ɗin da ke haɗa fistin da konrod. Na CG125 milimita 15 ne, amma fistin mai 62 yana zuwa iri biyu, mai fil 13 da mai fil 15. Tafi da tsohon fil ɗinka a aljihu. Na biyu, gindin silif, wanda ke shiga bakin kes, wato gidan karanshaf. In na sabuwar silindar ya fi bakin kes ɗinka faɗi, sai an raba kes ɗin an kai wa masu injin yanka su buɗe bakin. Kada ka yarda wani ya ci shi da fayil alhali karanshaf na ciki, garin alminiyon duk cikin boris zai ƙare.

Zuwa 200 kuwa wani aiki ne dabam, don tafiyar fistinsa ta haura milimita 62, sai an sake karanshaf. In 200 kake so, sayen injin 200 ɗungurungum ya fi araha da kwanciyar hankali.

Wurin mai borin

In silif za a sake ko borin za a yi, ƙa'ida ita ce fistin ne ke fara zuwa. Ka saye shi, ka kai shi tare da silindar, mai borin ya auna siket ɗinsa da maikuromita ta gefen da ke gicciye da fil, sannan ya yanka ramin daidai da shi. Mai borin da ya ce ka bar silinda kawai, ya san girman, ɗauki kayanka ka matsa gaba. Masu borin suna da yawa a Magazin, ka nemi wanda ka ga ma'auni a hannunsa. Tazarar da ake bari tsakanin fistin na zubi da bango tana tsakanin 0.03 zuwa 0.05 na milimita. Ga injin da zai ɗauki turbo ina karkata wajen 0.05, don fistin zai fi zafi, zai fi kumbura.

Bayan borin sai honin, wanda ke barin zane mai gicciye a bango don ya riƙe mai. Da ka dawo da silinda shago, kada ka wanke ta da fetur kawai. Ruwan zafi da sabulu da buroshi, ka goge da farin ƙyalle. In ƙyallen ya fito da toka-toka, koma ka sake. Sai ya fito fari sannan ka shanya ka shafa mai nan take don kada tsatsa ta kama. Wannan tokar garin dutsen honin ce, in ta zauna ciki za ta cinye sababbin ringi cikin mako biyu.

Sa kowane ringi shi kaɗai cikin silinda, tura shi da kan fistin ya daidaita, ka auna bakinsa da fila-geji. A faɗin 62, inji marar turbo yana son wajen 0.25 na milimita. Mai turbo kuwa ka buɗe na sama zuwa 0.30 ko 0.35 da ƙaramin fayil, a hankali, ka gyara gefen kada ya bar kaifi. Dalili shi ne ringi in ya yi zafi yana miƙewa. In bakinsa biyu suka haɗu ba wurin zuwa, sai ya ɓalle kafaɗar fistin.

Matsi: sirinji da baƙin mai

A nan nake ɗaukar lokaci fiye da ko'ina, don a nan ake yanke hukuncin ko injin zai rayu da turbo ko ba zai rayu ba.

Matsin CG125 wajen 9 ne bisa 1. Ma'ana, in fistin ya hau can sama, ɗakin da ya rage tsakaninsa da kan inji wajen 15.5cc ne. In ka ɗora wannan kan na 125 bisa silindar 149cc mai fistin shafaffe, ɗakin bai canza ba amma abin da ake cusa masa ya ƙaru. Haɗa 149 da 15.5 ka raba da 15.5, za ka ga matsin ya haura 10.5. Ga babur marar turbo da fetur mai kyau, wannan na iya tafiya, har ya ƙara masa kuzari. Ga turbo kuwa hanyar fasa fistin ce kai tsaye. Honda da kanta, da ta fitar da CX500 Turbo a 1982, sai da ta sauke matsin daga 10 zuwa 7.2, ga shi injin mai sanyaya da ruwa ne, kwamfuta ke ba shi fetur. Namu iska ke sanyaya shi, a zafin Kumasi, cikin cunkoson shataletalen Suame.

Abin da nake nema shi ne 8 zuwa 8.5. A 149cc, wannan na buƙatar ɗaki mai 20 zuwa 21cc. Kada ka yi hasashe, ka auna. Haɗa injin da gaskit ɗin da za ka yi aiki da shi, shafa ɗan giris a gefen fistin don kada mai ya zurara, kawo fistin can sama bawul biyu a rufe, karkata injin ramin fulogi ya kalli sama. Sayi sirinji mai 20cc a kantin magani, ka riƙa ɗura baƙin mai har ya taɓo gindin zaren fulogi. Abin da ya shiga shi ne girman ɗakinka. Yi sau biyu, in lambar ta zo ɗaya ka yarda da ita.

In ɗakin ya yi ƙanƙanta, hanya mafi kyau ita ce fistin mai kwarmi a kai, ko ka yi amfani da kan inji na 150, ko a sassaƙe ɗakin kaɗan a goge shi sumul. Hanya mai sauƙi da kowa ke gudu gare ta ita ce ƙara kaurin gaskit a gindin silinda. Kowace milimita ɗaya tana ƙara 3cc a faɗin 62. Ana iya yi kaɗan, amma ka san abin da kake bayarwa. Gefen fistin da gefen kan inji ya kamata su kusanci juna da wajen milimita ɗaya, wannan kusancin ne ke watsa gaurayen fetur zuwa tsakiya ya ƙone da sauri. In ka ɗaga silinda milimita biyu ka kashe wannan amfani, kuma sandunan bawul sun gajarta, sai ka ga sukurin gyaran bawul ya kusa ƙarewa. Don auna wannan tazara, zura wayar dalma ta ramin fulogi har ta taɓo bango a saitin fil, juya injin da hannu ya latse ta, ciro ka auna kaurinta.

Haɗawa da horar da inji

Sababbin kilif a fil ɗin fistin, kada ka mayar da tsofaffi. Bakunan ringi a rarrabe, kada su hau layi ɗaya. Notocin kai a ɗaure su a gicciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awon ƙarfi. Tazarar bawul a 0.08 na milimita, inji na sanyi. Kafireta PZ26 ta 125 za ta yi wa 149cc kaɗan, PZ27 ta fi dacewa.

Yanzu ka hau shi ba turbo, kilomita 800 zuwa 1,000. Canza mai bayan kilomita 100 na farko, ka sake a 500. Kada ka bar shi yana ta aiki a tsaye, kada kuma ka ja shi da babbar giya a ƙaramin gudu. Riƙa hawa da sauka da totur, haka ringi ke zama. Ciro fulogi lokaci-lokaci. Launin ƙasa-ƙasa kamar bawon gyaɗa shi ake so, fari fat na nufin fetur ya yi kaɗan, a ƙara girman jet, ƙaramin ramin da fetur ke bi a kafireta.

Da yawa daga waɗanda suka zo neman turbo a nan suke tsayawa. Babur ya hau tudu da mutum biyu ba ya nishi, sai mai shi ya ce, "Masta, wannan ma ya ishe ni." Ina jin daɗin wannan magana, don babur irin wannan zai yi shekaru.

Zaɓen turbo

Kamfanonin Japan huɗu duk sun gwada turbo a babur: Honda da CX500, Yamaha da XJ650 a 1982, Suzuki da XN85 a 1983, Kawasaki da GPz750 a 1984. Cikin 'yan shekaru duk suka bari, saboda nauyi da tsada da jinkirin da turbo ke yi kafin ya kama. Waɗannan injuna ne masu silinda biyu ko huɗu. Namu silinda ɗaya ce, hayaƙi na fita sau ɗaya a kowane juyi biyu na karanshaf, don haka turbon bugu-bugu yake samu, ba iska mai ɗorewa ba.

Saboda haka turbon Sprinter ko na tifa da ke zube a Magazin ba zai yi ba, injinka ba zai iya juya shi ba. Wanda ake amfani da shi shi ne IHI RHB31, na ƙananan motocin Japan masu 550 zuwa 660cc, ko kwafinsa na Sin da ake kira VZ21. Shi ma ya ɗan yi wa 149cc girma. Ba za ka ji shi ba sai inji ya haura juyi 6,000 a minti. A cikin gari, tsakanin danja da danja, babur ɗinka zai ma fi na da sanyi kaɗan saboda matsin da ka sauke. Gara ka san haka tun yanzu.

In na hannu ka samu, kama sandar tsakiya ka girgiza. Ɗan motsin gefe ba komai, muddin fanka ba ta taɓa bango ba. Motsin gaba da baya kuwa alamar mutuwa ce.

Baƙin mai, wanda ke kashe yawancin turbo

Karanshaf ɗin CG kan boris masu ƙwallo da gangara yake juyawa, ba ya buƙatar matsin mai sosai, don haka famfonsa yawa yake bayarwa ba ƙarfi ba. Turbo kuwa sandarsa kan fatar mai take shawagi tana juyi sama da dubu ɗari a minti, tana son matsin mai wajen psi 30 (psi ma'aunin matsi ne) in tana aiki. In ka huda kes ka ja tiyo daga hanyar man inji, turbon bai ƙoshi ba, kuma ka rage wa kan inji rabonsa.

Abin da nake yi shi ne in ba turbo gidansa daban: ƙaramin tanki mai lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi, famfon lantarki mai haƙora wanda ke jure mai mai zafi, filta, ƙaramin lagireto na mai a inda iska ke bugu, da agogon matsi a gaban idon mai tuƙi. Mai yana shiga turbo ta sama, yana fita ta ƙasa da nauyinsa kawai, ba abin da ke tura shi. Don haka tankin ya zauna ƙasa da turbo, bututun dawowa ya zama mai faɗi, aƙalla milimita 12 a ciki, ya gangara ba lanƙwasa. In ya toshe ko ya kwanta, mai zai bi ta sil ya fita salansa, ka ga shuɗin hayaƙi ka ɗauka turbon ne ya lalace.

Famfon mai da na fetur duk wuta suke ci, kwayil ɗin tsohon babur kuwa ba shi da yawa. Auna batir inji na aiki, famfuna a kunne, fitila a kunne. In bai kai bolt 13 ba, sake kwayil da rektifaya, mayar da fitilu na LED.

Fetur

Hanya biyu ce. Ta farko, kafireta a gaban turbo, turbon ya zuƙi gaurayen fetur da iska ya tura cikin inji. Tana da sauƙin haɗawa, ba ta son famfon fetur, amma sai turbon na da sil na kabon a gefen iska, in ba haka ba duk lokacin da ka saki totur zai zuƙo mai. RHB31 na mota ba ya zuwa da shi. Kuma bututu cike da gaurayen fetur, in wuta ta dawo baya, fashewa yake.

Ta biyu, wadda nake bi, turbo ya hura iska cikin kafireta. A nan dole kafireta ta ji matsi ɗaya ciki da waje. Bututun numfashin kwanon fetur a haɗa shi da akwatin iskar da ke gaban kafireta, in ba haka ba iska za ta tura fetur baya ta jet, inji ya mutu daidai lokacin da turbo ya kama. Fetur ba zai ƙara gangarowa daga tanki da kansa ba, sai famfon lantarki da regileta mai bin matsi, wadda ke riƙe fetur psi 2 zuwa 3 sama da matsin iska koyaushe, da tiyon da ke mayar da ragowar tanki. Murfin kafireta na sama da hanyar wayar totur a toshe su kada iska ta tsere. Akwatin iskar a yi shi da alminiyo, girmansa wajen lita ɗaya, don ya tara iska lokacin da bawul ke rufe. A jikinsa a sa bawul ɗin da ke sakin iska in an rufe totur.

Jet fara da babba ka riƙa saukowa, ba akasin haka ba. In kana da hali ka sayi agogon auna gaurayen fetur mai na'ura a salansa. A ƙarƙashin matsi ana son ya nuna 11.5 zuwa 12. In ya kai 13 saki totur. Fetur kuma mai lamba 95 kaɗai, a gidan man da ka sani. Na kwalba a bakin titi ba ya shiga wannan babur.

Wuta, da abin da ya same ni a hanyar Mampong

Turbona na farko na yi komai na bar tayimin yadda yake. CDI na CG, akwatin da ke saita lokacin wutar fulogi, yana kai wuta gaba har wajen digiri 35 in inji ya ɗau gudu. Na fita gwaji da safe ta Tafo, hanya ta buɗe bayan Agona, babur na tafiya kamar ana tura shi daga baya. A hawan dutsen Jamasi, giya ta huɗu, totur a buɗe, sai na ji ƙara siririya daga kan inji, kamar an zuba tsakuwa cikin gwangwanin madara ana kaɗawa. Ban saki ba, na ce bari in kai saman tudun. Ban kai ba. Ƙarfi ya ɗauke, hayaƙi ya turnuƙe ta bututun numfashin kes. Da na buɗe a shago, kan fistin ya huje a gefen bawul ɗin hayaƙi, ramin ya kai yatsa ya shiga, bakin fulogi duk ɗigo-ɗigon alminiyo.

Wannan ƙarar ita ce fetur na fashewa da kansa maimakon ya ƙone a jere. Iskar da turbo ya matsa zafi take yi. Ko a psi 6, in gari na digiri 30, abin da ke shiga inji ya kusa digiri 75. Iska mai zafi, matsi mai yawa, wuta da wuri, su ukun in sun haɗu daƙiƙa kaɗan suke buƙata.

Maganin shi ne a ja wuta baya, wajen digiri ɗaya ga kowane psi ɗaya. A psi 5 zuwa 6, ka mayar da ita wajen digiri 29 ko 30. In ka samu CDI da ake saitawa, ya fi, don zai bar maka wutar ƙasa yadda take. In babu, tsawaita ramukan ƙaramin kwayil ɗin da ke karanta filawil, ka matsar da shi ta inda filawil ke juyawa, ka tabbatar da fitilar tayimin, ba da ido ba. Fulogi daga NGK D8EA koma D9EA mai sanyi, ka rage bakinsa zuwa 0.5 ko 0.6 na milimita don kada matsi ya hure tartsatsin.

Bututu, ƙofar hayaƙi da gwaji

Bututun da ke kai hayaƙi turbo ya zama gajere, mai kauri aƙalla milimita 2, faɗinsa daidai da bakin hayaƙin kan inji. Kada nauyin turbo ya rataya a kansa, yi masa maƙali daga jikin inji. Nisanta shi da tiyon fetur da ƙafar mai tuƙi, ka yi masa garkuwar kwano. Filtar iska mai kyau a bakin turbo wajibi ce, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙurar hunturu ke cinye bakin fanka kamar an goga mata sanfefa.

Ƙofar da ke zubar da hayaƙi in matsi ya kai iyaka, wadda ke jikin turbon, sifirin ɗinta na mota ne, yakan buɗe sama da abin da muke so. Gwada ta da famfon keke da agogo. Ta fara motsi a psi 4, ta buɗe a 5 ko 6. In ta fi haka, sake sifirin mai laushi.

Ranar gwaji kunna famfon mai tukuna, ka ga mai ya dawo tanki, sannan ka tayar da inji. Zaɓi hanya miƙaƙƙiya da sassafe, hular kwano a kai, wani na binka a baya. Ja na daƙiƙa uku ko huɗu a giya ta uku, saki, tsaya, ciro fulogi ka duba da kyau a hasken rana. Baƙin ɗigo kamar barkono ko ƙyalli kamar azurfa a farin kaskon, koma shago: ƙara jet, ja wuta baya. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a rubuta a littafi. In komai ya zauna, injin da ya fara da ƙarfin doki 11 zai ba ka wajen 15 ko 16. Mai neman ninki biyu sai ya nemi fistin ƙirar maƙera da konrod na musamman, wannan kuma wani aiki ne.

Kuloci zai fara sulɓi a wannan ƙarfin. Sababbin faranti da sifirin masu tauri suna magance shi, kuma mai na babur za ka riƙa sa wa injin, ba na mota ba. Ƙara haƙori ɗaya a sufuroket na gaba.

Takardun babur ɗinka suna ɗauke da girman inji da lambarsa. Tunda ka canza, je ofishin DVLA, masu rajistar ababen hawa, a gyara, ka kuma sanar da kamfanin inshorarka, don in wani abu ya faru kada a ce babur ɗin da ke takarda ba shi ne a hanya ba.

Daga nan sai kulawa ta yau da kullum. Man inji da na turbo kowane kilomita 1,000. Bawul da notocin bututun hayaƙi kowane wata, don zafi na sassauta su. In ka dawo daga doguwar tafiya, bar inji ya yi aiki a tsaye minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe, famfon man turbo kuma ka sa masa makunni nasa daban, ya ci gaba da zagaya mai rabin minti bayan inji ya tsaya.